Da Motocin Sun Iso

Duk wanda ya haura arba'in a ƙasar nan yana da nasa labarin abin da zai faru da a ce mahaifina, wanda ake kira Likita, jam'iyya ta tsayar takarar shugaban ƙasa a maimakon Lauya. Ka shiga tasi, direba zai ce maka da Likita ne ya hau, da yanzu ba rami ko ɗaya a titi. Ka je asibiti, mai ba da kati za ta ce da Likita ne, da magani kyauta ake sha. Na taɓa zama kusa da wata mata a shagon gyaran gashi, ta rantse mini da Likita ne ya yi mulki da mijinta bai sake ta ba. Ban ce mata ni ce autarsa ba. Ban kuma gaya mata cewa mutumin nan da zai gyara ƙasa ya koma ga Allah famfon banɗakinsa yana ɗiga ba, ɗigar da na tashi na tarar tun ina rarrafe.

Ina son Baba, kada a fahimce ni a baibai. Abin da ba na so shi ne ƙarshen labarin, domin kowa ya gama gina ƙasarsa ta mafarki wuri ɗaya yake sauka. Sai ya girgiza kai ya ce, "Da motocin nan sun iso." Daga nan a tsine wa direban da ya jagoranci motocin, a haɗa da iyayensa. Direban nan mijina ne.

Ga yadda abin ya kasance, don yaran yanzu rabi suka sani. A wancan zaɓen jam'iyyar Baba ce mai ƙarfi, wanda duk ta tsayar kamar ya ci ne ya gama. Mutum biyu ke nema, Baba da Lauya, wakilai kuma su ne za su raba gardama a babban taro, a filin wasa na babban birni. Wakilan yankinmu duk na Baba ne, ba sai an tambaye su ba. Aka zuba su a manyan motoci, tafiyar yini guda. Maigida a lokacin yana da 'yan motocinsa na haya, matashi ne mai ji da kansa, ba mu daɗe da aure ba, ina ɗauke da cikin fari. Baba ya damƙa masa ayarin gaba ɗaya, ya ce abin da ya shafi wuyansa ba zai ba bare ba.

Lokacin ba wayar hannu. Baba kuma yana da wata ɗabi'a: tun da aka taɓa kwaikwayon sa hannunsa ya daina yarda da takarda. In zai aika saƙo mai nauyi, sai ya kwance agogon hannunsa ya ba ɗan aike. Wanda ya ga agogon ya ga Baba, ba tambaya ba musu. Wani tsohon agogo ne mai baƙar fuska da maɗaurin fata, gilashinsa da 'yar tsaga a gefe. Duk na kusa da shi sun san wannan.

Ayari ya kusa babbar gada, sai ga wani mutum a kan babur ya tare motar gaba. Ya nuna wa Maigida agogo, ya ce Likita ya ce 'yan daba sun tare gada da makamai, a juya a bi tsohuwar hanya. Maigida ya karɓi agogon ya duba, har tsagar ya shafa, ya mayar, ya juya ayari. Tsohuwar hanya kuwa ruwan sama ya riga ya cinye ta. Motoci suka kafe a laka ɗaya bayan ɗaya, manyan mutane suka naɗe wando suna turi. Ko da suka isa filin wasa an rufe tantance wakilai, an ja ƙofa. Lauya ya ci da 'yar tazara, ya ci babban zaɓe, ya yi mulkinsa, kowa ya sha wuya daidai gwargwado.

Maigida ya faɗi maganar agogo. Washegari jaridu suka fito da hoton Baba a filin wasa, a daidai lokacin, ya ɗaga hannu yana gaida jama'a, agogo ɗaure a hannunsa. Baba ya ce shi bai aiki kowa ba. Shi ke nan, magana ta ƙare. Aka ce an sayi Maigida, aka ce ko ƙaryar ma bai iya shiryawa ba.

Baba bai zage shi ba, da ma ya zage shi ya huta. Daina ganinsa ya yi. Maigida zai durƙusa ya gaishe shi, Baba ya ci gaba da karanta jaridarsa. Yaya, babban wanmu, ya zo da mota ya ce in kwaso kayana, na ce ba inda za ni. Mama ta ce tunda na zaɓa in zauna, ita ƙafarta ba za ta taka gidanmu ba, kuma Mama in ta faɗi magana ta zauna. Masu haya suka janye, motoci suka tafi ɗaya bayan ɗaya. A gidan Baba aka daina kiransa da komai sai Direba. Ranar da Baba ya rasu, Yaya ya tsaya a bakin ƙofa ya ce masa ya koma, ta'aziyyarsa ta iso.

Mutum ɗaya ne bai yar da mu ba, shi ne Kawu. Ba ɗan'uwan jini ba ne, abokin Baba ne tun suna makaranta, kuma shi ya shugabanci yaƙin neman zaɓensa. A waje Lissafi ake ce masa, don an ce yana kallon taro ya gaya maka ƙuri'un da ke ciki, har da waɗanda za su lalace. Kawu ne ke zuwa gidanmu da alewar yara a aljihu. Shi ya samo wa Maigida aikin tuƙa motar ɗaukar 'yan makaranta, aikin da ya riƙe mu har gashinsa ya yi fari. Yakan dafa kafaɗarsa ya ce, "Surukina, ni na yarda da kai. Bar ni da Likita, a hankali zan shawo kansa." Haka ya yi ta shawowa har aka binne Baba. Ɗanmu na biyu sunan Kawu ya ci, ni da kaina na roƙi a sa masa.

Bana wani gidan rediyo ya fito da sabon shiri. Sai su ɗauko wani abu da ya wuce, su tara mutane, a yi ta ginin abin da zai faru da ya sauya. Suka zo kan zaɓen Baba, suna neman wani daga cikin iyali. Yaya ya ce shi ba ya zuwa wasan yara. Kawu ya ce a kira Auta, bakinta ya fi na kowa kaifi.

"Me za ki je yi?" in ji Maigida. Yana zaune a tsakar gida yana goge tabaransa da bakin riga. "Su sake yanka ni ne, ke kuma ki riƙe musu ƙafa."

"Shekara ashirin da wani abu suna magana, ni ina jin su a tasi," na ce. "Yau ni ma a ba ni makirufo."

Bai hana ni ba. Bai taɓa iya hana ni komai ba, shi ya sa ma muka daɗe.

Kawu ya biyo ya ɗauke ni a motarsa. Ya haura tamanin, amma ya sha turare, ya riƙe sandarsa mai kan azurfa, a hanya yana ta gwada muryarsa kamar mai shirin waƙa. Ɗakin ɗaukar shirin ƙarami ne, an manne bangonsa da soso, sanyin na'ura har cikin ƙashi. Tebur ɗaya, makirufo huɗu, ta bayan gilashi wani mai kula da sauti yana cin biskit yana murɗa maɓallai. Mai gabatarwa wata yarinya ce mai zaƙin murya, sa'ar 'yata ta fari. Baƙo na uku wani farfesa ne da ya rubuta littafi guda a kan zaɓen, alhali lokacin da aka yi shi ina jin ko wandonsa bai iya ɗaurewa ba.

Jar fitila ta kama. Mai gabatarwa ta sassauta murya ta ce, "Masu sauraro, ku rufe ido. Ga motoci sun haye gada. Ga wakilai suna shiga filin wasa. An ƙirga, Likita ne ɗan takara. Farfesa, sai me?"

Farfesa ya gyara zama ya shiga gini. Ya ce da Likita ya lashe babban zaɓe ba ko zagaye na biyu. Shekarar farko ya kafa asibiti a kowace gunduma, ta biyu ya kori rabin ministocinsa, ta uku jirgin ƙasa ya dawo aiki. Har sunan wanda zai gaje shi ya faɗa, da wanda zai yi fushi ya bar jam'iyya. Ina sauraro ina mamaki, domin Baban da yake bayani ban taɓa haɗuwa da shi ba. Nawa Baban in ya ɓatar da tabaransa sai gida ya tashi tsaye.

Aka juyo kaina. Na riga na shirya maganata tun a gida, na faɗe ta ba gargada.

"Da mijina ya iso da motocin nan, da Baba ya ci, wannan ba musu," na ce. "Amma mijina bai ƙi isowa ba, juya shi aka yi. An nuna masa agogon Baba, ya bi umarni kamar yadda kowa a cikinmu zai bi. Ba a saye shi ba. Wanda aka saya ba ya ƙarewa a motar 'yan makaranta. Har Baba ya rasu bai yafe masa ba, kuma laifin da ba a yi ba ne aka ƙi yafewa."

Farfesa ya yi mini murmushin da ake yi wa mace mai kare mijinta. Na so in ɗauki makirufo in ƙwala masa, na dai daure.

"Ranka ya daɗe," in ji mai gabatarwa, ta juya wajen Kawu, "kai ne ka fi kowa kusa da shi. Ka yarda da ƙasar da Farfesa ya gina?"

"Ƙasa ce mai kyau," in ji Kawu, "saura a samo mutanen da za su zauna a cikinta." Aka yi dariya, shi kuma dariyar ce abincinsa. Ya jingina sanda ya ci gaba. Ya ce da Likita aka tsayar, da rabin jam'iyya ya balle kafin wata ya ƙare, domin Likita bai iya ciniki ba, bai iya mantuwa ba. Da ya ci ma, da ƙyar zai ci, waɗanda suka faɗi ba za su yarda ba, da an fito titi, da masu bindiga sun samu dalili. Ya bi yanki yanki yana faɗin wanda zai juya baya da wanda zai ƙona ofishi, kamar yana karanta abin da ya faru jiya. "Likita abokina ne, na fi kowa sonsa," ya ce. "Amma likita ne. Ya ga ciwo sai ya yanka. Ƙasa kuwa ba a yanka ta."

Raina ya ɗan sosu, don ban taɓa jin ya faɗi haka a gaban Baba ba. Na ce a raina tsufa ne, ya fara sakin baki.

Farfesa ne ya tsokano abin, shi ma bai san me yake tsokana ba. Ya yi dariya ya ce, "Wato ranka ya daɗe, in mun bi maganarka, laka ce ta ceci ƙasa. Abin da na rubuta ke nan a littafina. A ranar nan duk manyan masu dabara barci suke yi. Ba lissafin kowa, sa'a ce kawai da wani direba mai kwaɗayi. Har kai da ake kira Lissafi, direba ya shammace ka."

"Barci?" in ji Kawu. "Ni?"

Na san tsofaffin 'yan siyasa, a cikinsu na tashi. Ka kira ɗayansu ɓarawo zai yi dariya, ka kira shi azzalumi zai ba ka kujera. Amma ka ce an yi wani babban abu yana barci, to ka taɓa inda ba a taɓawa. Na ga jijiyar wuyan Kawu ta tashi.

"Yaro," ya ce wa Farfesa, "ka rubuta littafi a kan abin da ba ka sani ba. Laka tana tare ayari da kanta ne? Wa ya san tsohuwar hanya ta ɓaci? Wa ya aika aka dubo ta tun kafin taro? Kana ce mini sa'a." Ya buga tebur da yatsa. "Agogon nan da ake ta magana, wa ya saya wa Likita shi tun farko? Ni. Na san shagon, na san guda biyu suka kawo. Tsagar ma da kaina na yi ta, da bakin makulli, sai da na ɓata yini ina gwadawa da ta ainihin. Mutum ɗaya a kan babur, ba a zubar da jinin kowa ba, ba a mari kowa ba, na juya tarihin ƙasa. Kai kuma ka zauna a ofis ka ba direba ladan."

Ta bayan gilashi mai sauti ya tsaya da biskit a hannu. Kawu ya koma ya jingina, fuskarsa tana sheƙi, yana jiran a yaba. Shekara da shekaru yana riƙe da aikin da ya fi alfahari da shi, ba wanda ya taɓa ce masa sannu. Sai da idonsa ya faɗo kaina sannan murmushin ya ɗan rage.

Ban yi ihu ba, abin da har yanzu yake ba ni mamaki. Alewar da yake kawo wa yarana ce ta faɗo mini a rai, da ɗana da ke amsa sunansa.

Mai gabatarwa ta rufe shiri, jar fitila ta mutu.

"Kawu," na ce, "mijina fa?"

"Auta, kada ki ɗauki abin da zafi."

"Na ce mijina fa? Kana zuwa gidanmu, kana cin abincinmu, kana dafa kafaɗarsa."

"To wa ya riƙe shi in ba ni ba? Wa ya samo masa aiki?" Wallahi da gaske yake tambaya, har da ɗan jin haushi. "'Yata, irin wannan kaya dole wani ya ɗauka. Na duba na zaɓi wanda wuyansa zai iya. Da wani ne da tuni ya haukace. Ki gode wa Allah mijinki namiji ne."

Ya ce in zo ya sauke ni a gida. Na ce masa ko gawata aka sa a motarsa sai ta sauka. A bakin ƙofa mai gabatarwa ta biyo ni da gudu ta kama hannuna, idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Anti, tunda na fara aiki ban ɗauki shiri irin wannan ba. Ƙarshen mako da yamma za a sa. Duk ƙasa za ta ji."

Na tarar da Maigida a ƙofar gida yana duba man motar makaranta. Na gaya masa a tsaye, ban ko ajiye jaka ba. Ya saurara har na gama, ya nemi wuri a kan matakalar motar ya zauna, ya ce in maimaita. Na maimaita.

"Da bakinsa?"

"Da bakinsa, na'ura tana ɗauka."

"Har tsagar?"

"Har tsagar."

Ya daɗe yana kallon hannunsa da ya yi baƙi da mai. Sai ya ce, "Na san na ga tsagar nan." Ashe duk shekarun nan, ban da zagin mutane, shi kansa ya fara shakkar idonsa. Ya rufe fuska da tsumman goge mai ya yi kuka, na tsaya na kare shi daga masu wucewa.

Washegari na tafi gidan Mama. Na same ta a falo, Yaya yana gefenta yana duba magungunanta. Na kwashe komai na gaya musu. Yaya ya ce Kawu da ya ɗauki gawar Baba da hannunsa? Sai ya ji da kunnensa. Na ce zai ji, amma ba a nan ba, a gidanmu, a gaban mutumin da ya kora daga ta'aziyya. Muka yi sama da ƙasa, na tuna masa abubuwan da bai so tunawa ba, ya kira ni mara kunya, na ce na gode. Mama ce ta raba mu. Ta ce, "In abin da Auta ta faɗa gaskiya ne, mu ke da zuwa. Za mu zo."

Ban taɓa ganin Maigida kamar a 'yan kwanakin nan ba. Ya sayo fenti ya shafe falo, har inda ba ya buƙata. Ya aro kujeru a maƙwabta. Ya kai rediyo wajen mai gyara alhali lafiyarta lau, ya sayo sababbin batura don kada a ɗauke wuta a tsakiyar shiri. Ya kankare matakalar ƙofa saboda gwiwar Mama. Ya je aski, ya fito da kayan da ya ajiye tun auren 'yarmu. Na kama shi a gaban madubi yana gwada abin da zai ce in Yaya ya ba shi haƙuri. "Ba komai, Yaya, ya wuce." Ya faɗa, ya gyara murya, ya sake faɗa. Na ce masa kada ya kuskura ya yafe da arha, ya bari sai an roƙe shi sosai. Ya yi dariya, irin wadda na manta yana da ita.

Ranar ta zo. Yaranmu suka hallara, har da mai sunan Kawu, wanda tun da ya ji labari ya ce a daina kiransa da sunan. Motar Yaya ta tsaya a ƙofa. Mama ta fito tana dogara sanda, ta taka gidana karo na farko, ta dubi labule da fenti, ta ce gidan ba laifi. Maigida ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa a taƙaice, amma ta amsa. Yaya ya zauna a bakin kujera da makullin mota a hannu. Na kawo ruwa da lemo, ba wanda ya taɓa.

Kiɗan shiri ya tashi. Muka ji mai gabatarwa ta ce a rufe ido. Muka ji Farfesa ya gina asibitocinsa da jirgin ƙasarsa, Mama tana gyaɗa kai tana share ido. Muka ji Kawu yana bi yanki yanki, har ya zo kan cewa ƙasa ba a yanka ta. Sai Farfesa, da dariyarsa, da lakarsa, da direba mai kwaɗayi. Na kama hannun kujera na ce, "Yanzu ne. Ku saurara."

Muryata ce ta fito.

"Da mijina ya iso da motocin nan, da Baba ya ci, wannan ba musu. Har Baba ya rasu bai yafe masa ba."

Iyakarta ke nan. An ɗauke maganata daga inda na faɗe ta, an yanke tsakiyarta da ƙarshenta, an manna ta a bayan direba mai kwaɗayi, ta zauna daram kamar ni ce na sa hannu a hukuncin. Ba agogo, ba shago, ba makulli. Mai gabatarwa ta gode wa baƙi, ta gode wa dattijon ƙasa musamman, aka saki tallar sabulu.

Na fizgi waya na kira yarinyar a gabansu, na sa kowa ya ji. Wayar ta daɗe tana ƙara kafin a ɗauka. "Anti, ki yafe mini," ta ce da ƙaramar murya. "Ba ni da ta cewa."

"Ki faɗa musu abin da Kawu ya ce. Ga mahaifiyata nan tana ji."

"Abin da aka sa shi ne shirin, Anti. Ina da yara." Ta kashe. Daga baya na ji cewa shugaban gidan rediyon a gaban Kawu ya girma, shi ya kai shi inda yake. Ni da na tashi a gidan siyasa, na zauna ina fenti da aron kujeru, ban tuna cewa abin da aka ɗauka a na'ura ana iya sa masa almakashi ba.

Yaya ya miƙe. Bai yi faɗa ba, ya dai dube ni da tausayi, abin da ya fi faɗan ciwo. Ya ce, "Auta, ki nemi taimako. Tsohon da ya riƙe ku shekara da shekaru shi za ki ɗora wa?"

"Yaya, wallahi ya faɗa. A kira Farfesa, a kira mai sauti."

"A kira duk ƙasa ma. Mun ji da kunnenmu, kuma muryarki muka ji."

Mama ta yunƙura za ta tashi. Maigida ya yi sauri ya miƙa mata hannu. Ta dubi hannun, ta kama na Yaya. A bakin ƙofa ta juyo, ni kaɗai ta kalla, ta ce, "Don wannan kika taso ni da ciwon ƙafa?" Suka sauka matakalar da aka kankare, mota ta tashi.

Yara suka yi ta surutu, wannan ya ce kotu, wannan ya ce zai je gidan Kawu ya fasa gilashi. Ubansu ya ce kowa ya tafi gidansa, gobe akwai aiki. Suka fita ɗaya bayan ɗaya. Ya kashe rediyo, ya cire baturan ya ajiye a kan tebur. Ya fara haɗa kujerun aro yana ɗora wata kan wata, yana sanye da kayansa masu kyau. Ni ina tsaye ina ta zagi, na zagi Kawu, na zagi rediyo, na zagi Farfesa da littafinsa, ina rantsuwa gobe da sassafe zan je in tayar musu da hankali.

"Auta," ya ce.

"Na'am."

Bai juyo ba, hannunsa yana kan kujera. "Ki gaya mini tsakaninki da Allah. Ya faɗa ɗin? Ko dai kin ga na tsufa ne, kika ce bari ki ba ni wani abu in riƙe?"

Duk abin da aka yi mini a ranar bai kai wannan ba. Lokacin da duniya ta ce ƙarya yake, ni ban taɓa cewa ya rantse mini ba. Shi ma bai taɓa neman rantsuwata a kan komai ba, sai yau. Na rantse masa. Na rantse da Allah, na rantse da kabarin Baba, na faɗi inda kowa ya zauna da yadda Kawu ya buga tebur da yatsa.

Ya saurara har na gama. Ya ce, "To."

Ya ɗauki kujerun ya fita mayar wa maƙwabta, bai bari na kama masa ko ɗaya ba.